Tambarin Kujera a Bayan Baffa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka je nema mini aure Andarai ba, kuma ko ni na so in manta, mutanen unguwarmu ta Jega Magaji ba za su bar ni ba. Har yau akwai dattijon da in ya shigo motata sai ya fara shafa kujera da hannu, ya duba tafinsa, ya dube ni, sannan ya zauna.

Lokacin ba a daɗe da yanke Kabi daga Sakkwato ba. Motocin ma'aikata sun cika hanya, kowa yana kai da kawo zuwa Birnin Kabi, kuma da yawansu sai sun ratsa ta Jega. Ni kuwa na dawo daga Kaduna ke nan, inda na zauna a wani gareji da ake yi wa motocin manya kwalliya. Na dawo da jaka cike da gwangwanaye da kwalabe, da kai wanda ya fi jakar kumbura. Na kafa rumfa a bakin titi, na sa aka rubuta mini allo, na fara tafiya ina buɗa hannuwa kamar mai ƙurji a hammata.

Abin da na fi tsana a duniya shi ne a ce mini mai wankin mota. Duk wanda ya faɗa sai na tsayar da shi a rana na yi masa karatu. Mai wanki, in ji ni, ruwa yake watsawa ya tafi. Ni kuwa ba na taɓa mota sai a inuwa, don kada sabulu ya bushe a jikin fenti. Daga sama nake farawa in sauko ƙasa. Bokiti biyu nake ajiyewa, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye soso, don kada yashi ya koma ya karce jiki. Gilashi da tsohuwar jarida nake goge shi, ramukan iska da burushin haƙori, kakin goge fenti kuwa a zagaye ake shafa shi, a bari ya yi fari-fari, sannan a murza. (Mutum ya zo tambayar hanyar kasuwa ne kawai, amma sai ya ji wannan duka kafin in nuna masa.)

A cikin wannan tashen na haɗu da Luba. 'Yar Andarai ce ta ƙasar Maiyama, tana zuwa wajen gwaggonta da ke bayan rumfata. Duk wucewarta sai na ƙara ƙarfin murza mota, ko da motar ta riga ta bushe. Muka daidaita, magana ta kai gida. Sai labari ya dawo mini cewa baffanta Malam Garba, wanda aurenta yake hannunsa, da aka gaya masa abin da nake yi sai ya ce, "Wankin mota? Wanga aikin damina na yin shi kyauta. Shi sana'a na?"

Maganar nan ta hana ni cin tuwo. Ina son Luba so na gaske, kuma na san Malam Garba manomi ne da ba ya ba da 'ya ga wanda bai yarda da sana'arsa ba. Sai na yanke shawara cewa ba da baki zan ba shi amsa ba. Motar da za ta kai masu neman auren, ita za ta yi magana a ƙofar gidansa.

Mota ɗaya ce a danginmu, ta Kawu Bawa, ƙanin mahaifiyata, dillalin albasa a Aliero. Doguwa ce, asalinta baƙa, amma rana da ƙasa sun mai da ita launin tukunyar da aka daɗe ba a wanke ba. Kawu ba ya bambanta mutum da buhu. Albasa a but, albasa a kujerar baya, albasa a ƙafar fasinja. In ka shiga motar ka fito, har a masallaci mutane suna matsawa.

Na same shi a rumfarsa na gaya masa buƙatata.

"Mi kaka so ka yi mata?" ya ce. "Motag ga lahiya lau take. Jiya-jiya anka yi mata ruwa."

"Kawu, ba wanki ba ne. Kwalliya zan yi mata. In na gama kai da kanka sai ka yi mata sallama."

"To, ɗauka. Amma in ka ɓata min ita, aradu kai za ni aza ma buhunan."

Gaskiya aikin da na yi wa motar nan, ko yau ba na jin kunyarsa. Na ciro kujeru na jingine. Na share ɓawon albasa har da wanda ya fara tsiro a ƙarƙashin kafet. Na wanke ciki da ruwan ɗumi da sabulu, na buɗe ƙofofi iska ta ratsa, na zuba gawayi a kwanuka na ajiye ciki ya tsotse wari, daga baya na bi da turaren wuta da na roƙo wajen inna. Fentin na bi shi da man karce-karce mai laushi har baƙin ya farka, na ɗora kaki, na murza har kafaɗata ta yi tsami. Man taya ya ƙare mini, sai na jiƙa sukari a ruwa na shafa, dabarar da na gani a Kaduna, tayoyin suka yi baƙi sil. Masu wucewa suka fara tsayawa suna duba fuskarsu a ƙofa, wani har ya gyara hularsa.

Sai kujeru. Na roba ne mai kama da fata, baƙaƙe, masu layi-layi daga sama zuwa ƙasa, kuma sun koɗe sun yi toka-toka. Na ɗauko kwalbar man kujera da na zo da ita daga Kaduna, na girgiza, na buga gindinta a tafin hannu, ko ɗigo. Nan kusa ba inda ake sayar da shi, tafiya kuma gobe ce. Na tsaya ina kallon mota tana sheƙi a waje, ciki kuwa kamar tsohon takalmi. Kalmar takalmin nan da ta zo mini a rai, ita ta kai ni ta baro.

Na tafi kasuwa na sayo baƙin man takalmi, na haɗa da man kaɗe don ya yi taushi, na narka su a gwangwani, na shafe kujerun nan gaba da baya, na bi da burushi. Wallahi sun yi kyau. Sun yi kyawun da na tsaya ni kaɗai ina yi wa kaina kirari.

Maigidana na Kaduna yana da doka ɗaya da yake maimaitawa har ta ishe mu. Duk abin da ka shafa a inda mutum zai zauna ko zai taɓa, ka kai shi rana ya ɗauki zafi, ka goga masa farin ƙyalle. In ƙyallen ya fito fari, ka gama. In bai fito ba, ba ka fara ba. Na tuna da dokar sarai. Na ma duba cikin jaka, na ga tsummokarana duk sun yi dauɗa, babu fari ko ɗaya. Sai na shafa kujerar da bayan hannu a cikin inuwa, da sanyin yamma, na ga ba abin da ya fito, na ce ai wannan dokar ta 'yan koyo ce.

Washegari masu tafiya suka hallara. Akwai Baffa Malam Sani, yayan mahaifina, mutum mai karatu da tsafta, wanda ko ƙuda ya sauka a rigarsa sai ya bi wurin da kallo. Ya fito cikin farar shadda sabuwa fil, wadda ya ɗinka musamman don wannan rana, ta sha bugu tana ƙara in ya motsa. Akwai Kawu Bawa, shi ma fari tun daga hula har ƙasa. Sai Baba Ɗanjuma, dattijon unguwarmu da idonsa ya yi rauni, wanda ba a zuwa neman aure ba da shi ba saboda iya lafazi. Shi ma farar ya sa. Kamar sun haɗa baki.

Kawu ya zagaya motar yana tafa hannu. "Kai! Wagga tawa ta? Ɗan nan, ashe ba ƙarya kaka yi ba!" Baffa ya leƙa ciki ya shaƙi turare, ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya yi albarka. Suka shiga suka jingina sosai, irin jinginar wanda ya samu wuri. Bazara ce, rana tun da hantsi ta fara cizo, Kawu kuma ya ɗage gilasai don kada ƙura ta ɓata masa ciki.

Kowa ya san mai neman aure ba ya zuwa wurin nema. Manya ke zuwa, shi ya zauna gida yana jiran labari, kuma ko a hanya ya hango surukai sai ya canza lungu. Na san wannan. Amma yaya za a yi a yaba aikina ba na wurin? Na ari babur, na ba su rata, na bi bayansu har Andarai. Na ɓoye babur ɗin a bayan wani rumbu, na laɓe a bayan bishiyar dogon yaro da ke fuskantar ƙofar gidan Malam Garba.

Mota ta tsaya tana walƙiya. Malam Garba ya fito daga zaure, dogo siriri, ya sa hannu ya kare ido yana kallonta. Sai ƙofofi suka buɗe. Dattawa suka fito, suka fuskanci mai gida, suka juya mini baya.

Da farko na ɗauka inuwar ganye ce. Na murza ido. Babu wani ganye. A bayan Baffa, tun daga kafaɗa har inda ake zama, ga kujerar Kawu nan ta fito ɗoɗar, layi bayan layi, baƙi a kan fari, har da ɗinkin gefe. Bayan Kawu haka. Bayan Baba Ɗanjuma ya fi na kowa, don shi barci ya yi a hanya, ya yi ta juyi. Zafi da gumi sun narkar da man, shadda ta sha iya shanta.

In fito in yi magana, na karya al'ada a gaban surukai, an ce yaron ba shi da kunya. In yi shiru, ga abin da ke tafe. Na yi ɗan tsaki irin na kiran mutum a ɓoye, ba wanda ya ji sai wata akuya, wadda ta dube ni ta wuce wajen mota ta fara lasar sukarin taya. Malam Garba ya shige gaba, Baffa na bin sa. Kawu da ya kamata ya ga bayan Baffa, yana tafe yana waiwayen motarsa. Baba Ɗanjuma na ƙarshe, shi kuwa ko giwa aka zana a bayan Kawu ba zai gani ba. Suka shige zaure mai duhu, suka zauna, suka jingina da bangon da aka shafe da farar ƙasa.

Daga inda nake ina jiyo muryoyinsu. Aka gaisa, aka tambayi gida da gona, aka buɗe goro. Can na ji Kawu ya ɗaga murya. "Malam Garba, ka dai ga motag ga. Albasa nika ɗauka da ita. Yaron ga shi ɗai yay yi mata wanga aiki. Duk abin da hannunai yat taɓa, sai ka ga alama!" (Ban taɓa jin gaskiyar da ta yi mini ciwo irin wannan ba.) Akuyar kuma ta kira 'yan'uwanta, sun kewaye tayoyi suna ta aiki, ban ma da ƙarfin korarsu.

Ina nan ina addu'ar Allah ya kawo hadari ko gobarar da ba za ta ci kowa ba, sai aka kira azahar. Masallacin unguwar fili ne da aka kewaye da duwatsu a gefen gidan, ƙarƙashin rumfa. Maƙwabta suka firfito. Aka kawo butoci bakin zaure, kowa ya tattare riga ya duƙa yana kallon butarsa, aka gama alwala ba wanda ya lura. Na fara sa rai. Na ce wataƙila su tsaya a sahun baya, a sallame, su shige mota.

Sai na ji Malam Garba yana cewa, "Malam Sani, ai ba a yin haka. Baƙo malami na nan, wa za shi shiga gaba? Bisimilla."

Baffa ya yi 'yar kara irin ta malamai, aka matsa masa, ya karɓa. Ya gyara hula, ya saɓa hannun riga a kafaɗa, ya ratsa sahu a natse, ya je gaba ya tsaya. Ya ba jama'ar Andarai baya gaba ɗaya.

Wani ya yi tari. Wani tsoho a sahun farko ya matso da fuska kusa, ya ja da baya, ya ce, "Malam, gahwara dai. Wanga aiki na bayan riga, sabon yayi na na Jega?"

Baffa ya waiwaya bai gane ba. Kawu ya leƙo, ya gani, ya fashe da dariya har yana riƙe ciki. "Malam Sani! Mi kaz zamna bisa? Kujera ta bi ka sallah!" Bai rufe baki ba wani ya ce, "Alhaji, kai ma dibi naka." Kawu ya jawo bayan rigarsa gaba ya duba, dariyar ta tsaya cak. Baba Ɗanjuma yana ta tambaya, "Mi ya hwaru? Mi anka gani?" sahu kuwa ya riga ya watse, dattawa suna dafa juna. Wani ya leƙa zaure ya dawo ya ba da labarin cewa bango ma ya samu rabonsa, mutum uku a jere.

Sai Kawu ya juyo ya fuskanci bishiyata kai tsaye.

"Kai! Hito nan! Tun Jega nika ganin ka cikin madubi. Hito, mai kwalliya!"

Da ƙasa tana da ƙofa da na shige. Na fito ina jan ƙafa, na zo na durƙusa a gaban mutumin da bai kamata ya ga ko inuwata ba a ranar. Baffa ya dube ni kawai, kallon da har yau in na tuna sai na gyara zama.

Malam Garba ya sa aka fito wa baƙi da rigunansa suka canza. Da yake shi dogo ne siriri, Kawu kuwa gajere mai tumbi, rigar ta kama Kawu a ciki tana jan ƙasa. Aka yi sallah, ni ina can ƙarshen sahu kamar wanda aka ajiye. Da aka sallame Malam Garba ya kira ni.

"Kai na mai sana'ar?"

"Ni ne, Baba."

"Mi kas shahwa ma kujerun?"

Na so in kawo wani dogon suna na Turanci, amma bakina ya ƙi. Na ce, "Man takalmi ne da man kaɗe."

"To ai ba ka yi laihi ba," ya ce, fuskarsa ba alamar dariya. "Baffanka na yay yi kuskure da bai taka kujerar da takalmi ba."

Aka sake kwashewa. Ni dai na tattara rigunan nan uku, na roƙi kananzir da sabulu, na tafi bakin rijiyar ƙofar gida na duƙa. Mai neman aure, ranar neman aurensa, yana wanki a ƙofar surukai. Mata suna leƙe ta saman zana, kuma a cikin dariyar da ke tashi na tsinci wadda na sani. Wannan ta fi komai ƙona ni. Na gama da riguna na koma kan kujeru, na kankare su tas, na kai su rana, na tuɓe farar singiletina na goga, na sake wankewa, na sake gogawa, har sai da ta daina ɗaukar baƙi, sannan na mayar da kujerun cikin mota. Duk wannan Malam Garba yana zaune a kan tabarma yana kallona, yana cin goron da aka kawo don neman aurena. Na riga na sallama Luba a raina, ina aikin ne kawai don kada in ɗaga kai.

Da la'asar ta yi ya taso, ya zagaya motar, ya kori akuya ta ƙarshe, ya shafa ƙofa, ya buɗe ya shaƙa. Ya zauna a kujerar gaba da farar rigarsa, ya jingina, ya murza baya da gangan, ya fito ya juya wa jama'a. Fari tas.

"Malam Sani," ya ce, "na ga ɓarna tai, na ga gyara nai. Wanda ka ɓata abu shi tsaya shi gyara gaban mutane, ana iya ba shi ɗiya. Mun ba ku. Amma ku hwaɗa mai, ranar ɗaukar amarya da tabarmarmu za mu zaka."

Kuma da ita suka zo. An shimfiɗa ta a kujerar baya kafin Luba ta zauna, duk Jega Magaji na kallo.

Rigar Kawu da ta Baba Ɗanjuma sun fita, sai ɗan dishi-dishi da ba a gani sai an ƙura ido. Ta Baffa kuwa, da yake sabuwa ce mai tsada, ta riƙe layukanta ta ƙi saki. Ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwata sai da ka. Bayan biki ya aiko a kira ni. Na je na same shi da ƙunshi a gabansa. Ya tura mini. Na kwance, sai ga shaddar nan an yayyanka ta gida-gida, an ware inda ya ɓaci, an jera masu farin a ninke.

"An ce hwarin ƙyalle kar rasa rannan," ya ce. "To ga shi. Kak ka sake gwada aikinka bisa bayan mutane."

Na yi shekaru ina aiki da yankunan rigar nan, kuma ban ƙara barin kujera ta bar rumfata ba sai ta sha rana ta sha farin ƙyalle. Na kuma rage yi wa masu tambayar hanya karatu. Yanzu in wani ya ce mini mai wankin mota sai in amsa da sauri, don na gane akwai sunan da ya fi wannan muni, wato mai man takalmi, kuma Luba ta san shi. Duk ranar da na fara cika baki a gida, tashi take yi ta zagaya bayana, ta tsaya tana duba rigata.